Malam Nu'uman da Shafin Ƙarshe

Duk ɗalibin da ya rubuta kundin digiri a shekarunmu, in dai hanyar Batagarawa yake bi, ya san shagon Malam Nu'uman. Ɗan ƙaramin shago ne, kwamfuta biyu da wata fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. Da tafireta ya fara tun yana saurayi, a gindin bishiya kusa da sakateriya, yana buga wa mutane takardun neman aiki. Da kwamfuta ta zo abokan sana'arsa suka watse, shi kuwa ya je ya koya a wajen sa'o'in 'ya'yansa, bai ji kunya ba.

Mutum ne mai sanyin hali. Ba ya hira in yana aiki, ba ya kuma taɓa maka rubutu sai ka roƙe shi. Amma akwai shafi ɗaya da ba ya raga wa kowa a kansa, wato shafin ƙarshe, inda ake jera mutanen da aka yi hira da su: suna, shekaru, sana'a, unguwa, da ranar hira. In ka rubuta "wani dattijo", sai ya leƙo ka ta saman tabarau ya ce, "Dattijon nan ba a yanka mashi rago ba?" Ta wannan shafin ya san tsofaffin Katsina fiye da masu unguwanninsu. Akwai wata tsohuwa mai saƙa a Kambarawa da ya ce shekara goma ke nan tana da shekara tamanin a kundayen ɗalibai, har a wani kundin ma ta ragu da biyar.

Mu dai haushinsa muke ji. Malaman da ke duba aikin ma ba su tsananta haka ba.

Kundina a kan ginin ƙasa ne. Malamin da ke duba ni ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga hira da magini na gaske, wanda ya yi sana'ar da hannunsa. Na yi ta jan ƙafa har ya rage kwana huɗu a rufe karɓa, wanda bai miƙa ba kuwa sai baɗi. A laburare na ci karo da tsohon kundin wani Jamilu, a ciki wani magini ya yi bayanin yadda ake jiƙa makuba don shafen bango da yadda ake zaɓen azarar rufin ɗaki, bayani mai daɗi kamar kana zaune gabansa. Na kwashe maganar tas, na kwashe sunan, na sa ranar sha huɗu ga Maris na bana. Na ce wa kaina ai kowa haka yake yi.

Da hantsi na kai aikin shago. Ina zaune a benci ina danna waya, sai na ji bugun ya tsaya.

"Fadila, ɗiyata," in ji Malam Nu'uman. "Malam Hussaini Magini na Rafindaɗi. Ke kika je gidanshi?"

"Ni na je, Malam."

"Watan Maris ɗin nan da ya wuce?"

"E, Malam."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan teburi. "Ya kika iske shi? Ƙahwar tashi ta yi sauƙi?"

Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko ɗar ban ji ba na ce, "Da sauƙi sosai, alhamdu lillahi."

Ya mai da ido kan takardar. Can ya ce, "Mahaihina ne. Bana shekara bakwai da muka kai shi makwancinshi."

Na rasa inda zan sa kaina. Na so ya yi mini faɗa, ko ya kore ni, da abin ya zo mini da sauƙi. Bai ko ɗaga murya ba.

"Jamilun nan ni na kai shi gida," ya ce. "Sau ukku yana zuwa, shi zauna bisa tabarma har la'asar. Maganar ta tsoho ce, ba ki ƙara ba, ba ki rage ba. Amma ba daga bakinshi kika ji ta ba. In na buga haka, gobe wani shi kwashe daga naki, shi sa wata rana. To yaushe za a bar shi shi huta?"

Ya mai da tabarau ya goge layin. A madadinsa ya buga cewa hirar Jamilu ne ya yi ta da marigayin a shekara ta dubu biyu da sha biyu, kamar yadda ta zo a kundinsa, ya tambaye ni lambar shafi ya sa. Na ce, cikin kuka, in haka ne ba ni da magini, ba za a karɓa ba. Ya ce ya sani. Ya yagi takarda ya rubuta mini sunan Malam Idi, wanda ya koyi gini a hannun mahaifinsa, yana nan da ransa a wani ƙauye bayan Batagarawa.

Na je washegari, aka ce Malam Idi ya tafi aiki Daura. Sai bayan mako biyu na same shi. Abokaina suka gama suka tafi bautar ƙasa, ni na tsaya sai shekarar da ta biyo. Na yi fushi da Malam Nu'uman na wata guda cur, ba zan ɓoye ba.

Ranar da na koma da sabon aikin, ya buga layin Malam Idi a hankali, ya karanta mini in ji ko daidai ne. Na tattara takarduna na ba shi haƙuri a kan wancan abu. Ya ce ba komai, ya wuce. Har na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"Kin san wani abu, ɗiyata? Na san ƙarya ce. Amma da kika ce ƙahwar ta yi sauƙi, wallahi sai da na ji daɗi."