Likitar Taga

Haihuwa da Asali

An haife ta a shekarar 1957, a wani ƙaramin gari, ita ce ta uku ga mahaifinta tela da mahaifiyarta mai kitso. Gidan bai rasa ci da sutura ba. Abin da suka rasa shi ne likita a kusa. Tun tana ƙarama mahaifinta ya koya mata gwada kalar zare da yadi a bakin ƙofa, domin a cewarsa fitilar shago maƙaryaciya ce.

Karatu

Ta shiga firamare a 1963, ta zarce sakandare, sannan ta samu gurbin karatun likitanci a 1976. A hutun 1980 ta tarar da mahaifinta a ƙofar shago yana gwada zare, ta ga farin idonsa ya koma rawaya, alamar hanta na neman agaji. Babu wanda ya lura, saboda yini yake ƙarƙashin fitila. Ya yi dariya ya ce, "Ke 'yar nan, ko takardar likita ba a ba ki ba, da ni za ki fara?" Ta ɓoye almakashinsa har sai da ya yarda ya bi ta asibiti. Aka gano tsakuwa ta toshe hanyar matsarmama, aka yi masa tiyata cikin nasara. Ya rayu har ya ɗinka wa jikokinsa kayan makaranta. Daga nan ta ƙudurta ƙwarewa a kan hanta.

Aure da Ƙwarewa

Ta kammala jami'a a 1982, ta auri wani malamin lissafi a 1984, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku. Ta yi horo a sashen cututtukan ciki, daga bisani ta keɓanta ga hanta, ta zama ƙwararriya a 1991. Mijin kan ce ya samu kwanciyar hankali, tunda kowace safiya ana duba shi kyauta kafin a ba shi shayi.

Aiki

Ta iya gwajin jini da hoton ciki kamar kowane ƙwararre, amma ba ta fara duba majinyaci sai ta kai shi bakin taga ta kalli idonsa. Da aka ba ta babban ofis marar taga a 1998, ta nemi alfarma a mayar da ita ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda. Ɗalibanta suka laƙaba mata Likitar Taga, ita ma ta karɓi sunan da fara'a. Da yawansu yau ƙwararru ne, kuma suna jan majinyata zuwa haske.

Ritaya da Rasuwa

Ta yi ritaya a 2019. Duk jikan da ya kawo ziyara, a ƙofa take tarbarsa, ta tallafe fuskarsa ta juya ta ga rana. Ta rasu a 2023 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta, aka binne ta kusa da mahaifinta. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: babbansu injiniya, mai bi masa ma'aikaciyar jinya, auta malamar makaranta, da jikoki bakwai.

A zaman ta'aziyya ɗalibanta suka ba da labarin taga. Ƙaramar jikarta, wadda ta ɗauka gaisuwa ce kawai, a ranar ta gane cewa duk lokacin da Kaka ta riƙe fuskarta a ƙofa, tabbatarwa take yi tana lafiya.