Kwamfutar da Malam Bitrus Ya Koya wa Sannu

Shekara biyar ke nan da rasuwar Malam Bitrus, kuma har yau in na tuna ranar da ya kama ni ina yi wa kwamfuta fifita sai na ji kunya. Jan rubutu na gani ya cika fuskarta, na ce zazzaɓi ne ya kama ta. Ku yi mini uzuri, a aji uku na rabu da boko, sauran ilimina a gindin keke na same shi.

Malam Bitrus mutumin kudancin Bauchi ne. Aikin gwamnati ya kawo shi Azare, da ya yi ritaya ya kama shago kusa da wurin da nake gyaran keke, yana koya wa matasa rubuta manhaja, wato jera wa kwamfuta umarni ta bi. Cikin ɗalibansa har da 'yata Binta. Shi ya bayyana mini cewa jan rubutun nan ba ciwo ba ne, faɗa ne. Ka manta waƙafi guda, sai ta ƙi aiki ta watso maka Turanci mai kaushi, ba sallama.

Faɗan nan ya kusa korar Binta. Wata rana ta dawo gida ta ce ta daina, ita ba ta da kan abin. Na ce ai dama na faɗa. Da safe kuma na je na tsokani Malam. Na ce na'urarka ba ta da tarbiyya. A ƙasar Katagum ko saƙon mutuwa aka ba ka, sai ka yi gaisuwa, ka zauna, ka sha ruwa tukuna. Ni wasa nake. Shi kuwa ya jawo kujera ya ce, "To Alhaji, faɗa mini yadda za ta ce."

Haka muka sake wa na'urar baki, ina faɗa yana bugawa. Ina kwana, ina gajiya, ya mutanen gida, ya ƙoƙari. Aka lallabo Binta ta gwada, ta yi kuskure, kwamfuta ta shiga gaishe ta har da tambayar lafiyar kakarta ta Misau. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Baba, to ina kuskuren yake?" Ashe mun manta shi. Malam ya datse gaisuwata ya bar sannu guda, sai layin da aka yi tuntuɓe, sai abin da za a gwada. Binta ta zauna. Yanzu da wannan sana'a take ci a Kano.

Da ta zo hutun sallah ta nuna mini manhajojin zamanin nan, waɗanda ake hira da su kamar mutum. Kome ka rubuta sai sun yaba. Ina ta tunanin me Malam zai ce. Zai yi murna ƙarfe ya yi ladabi? Ko zai leƙa ta saman tabaraunsa ya tambaya ko yabon yana nuna wurin gyara? Ina jin na biyun. Shi bai taɓa ɓoye wa ɗalibi kuskurensa ba, hanyar isar da shi kawai ya gyara.

Abin da na lura, ɗalibansa ba sa tsoron cewa "na ɓata." Binta ma tana faɗa wa kowa, ban da ni. In ta kira waya, komai lafiya lau, sai daga baya na ji wajen uwarta.

Ranar da Malam zai koma garinsu jinya, na taya shi ɗora kaya a mota ina ta yi wa Binta faɗa kan yadda ta ɗaure kwali. Ya dafa kafaɗata, ya rage murya.

"Alhaji, ƙarfe ma ya koyi sannu daga bakinka. Ita yaushe za ta ji tata?"