Jan Biro da Dodon Ƙofar Ruwa

Sai ta hura wa tabaraunta iska sau biyu, ta goge da bakin mayafi, sannan take taɓa kwamfuta. Littafin rubutu a dama, shayi a hagu yana hucewa ba mai kula shi, hasken yamma ya ratso labule ya kwanta a bayan hannunta. Haka yayata take yi kullum ƙarfe huɗu tun da ta yi ritaya.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana duba takardun jarrabawa, har ɗalibai suka raɗa mata Jan Biro, sunan ya biyo ta gida. 'Yarta ce ta saka mata wasan nan na intanet kafin aiki ya kai ta wani gari, wai kada kaɗaici ya cinye uwar. Mutum huɗu ke haɗuwa, kowa daga ɗakinsa, su yaƙi dodanni. Yaya ce mai maganin ƙungiyarsu, ita ke warkar da duk wanda aka ji wa rauni. Sauran kuwa, sara da suka ne ke kai su. Ita labarin take zuwa karantawa, kuma duk sabon babin da aka ƙara wa wasan sai ta rubuta sharhinsa a dandalin 'yan wasa.

Babin bana labarin wani birni ne da ruwa ya ci, da dodon da ke tsaron ƙofarsa. Sharhi ya kai shafi tara, saura ƙarshe, ita kuwa ba ta taɓa yanke hukunci kan takardar da ba ta kai layinta na ƙarshe ba. Inda gizo ke saƙar, dodon yana magana ana tsakiyar faɗa, kalamansa su fito a ƙasan allo su ɓace. Da ya buɗe baki sai Yaya ta saki linzamin kwamfuta ta ɗauki biro. Kafin ta ɗiga aya, ƙungiya ta zube, don ba mai warkar da su. Sau biyar ke nan.

Muryar Direba, shugaban ƙungiyar, ta fito daga lasifika. Bai taɓa ganin fuskarta ba, amma Mama yake ce mata.

"Mama, don girman Allah ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. In muka sake zubewa yau, za mu nemi wani mai magani."

"To, sarkin gaggawa. Kai ka san abin da dodon yake cewa?"

"Mama, kashe shi muka zo yi, ba hira ba."

"Shi ya sa za ka tsufa ba ka san komai ba."

Ta faɗa da ƙarfinta, amma hannunta ya daɗe a kan littafin. Shekara biyu ke nan muryoyin nan uku suna cika mata falo kowace yamma. Ta waiwaya. Mijinta, tsohon tela, yana zaune bakin taga yana ɗinka maɓalli.

"Maigida, ajiye allurar nan ka zo. Duk abin da dodon ya ce, ka rubuta."

"Ni? Malama, rubutuna awon wando kawai ya iya."

"Yau zai koyi na dodo. Jawo kujera."

Aka shiga. Allo ya cika da ruwa kore da walƙiya. Dodon ya buɗe baki, yatsun Yaya suka zabura wajen biro, ta danne su. "Rubuta!" take cewa, ba ta ɗauke ido daga raunukan mutanenta ba. Direba ya faɗi, ta tashe shi. Ya sake faɗuwa, ta sake tashe shi, tana masa faɗa kamar ɗalibin da ya makara. Can dodon ya durƙusa a hankali, ƙofa ta buɗe, ruwa ya janye daga titunan birnin. Lasifika ta kaure da ihu.

Yaya ta karanta ƙarshen labarin har layi na ƙarshe, sannan ta miƙa hannu. "Kawo in gani."

Layi uku ta tarar, a karkace. Maigida bai kwafi kalma ko ɗaya ba. Ga abin da ya rubuta: "Wannan ba mugu ba ne. An ce ya tsare ƙofa har sarki ya dawo, sarki ya mutu, ba wanda ya zo ya sallame shi. Da sun tambaye shi da ya buɗe musu."

"Kwafa na ce ka yi, ba sharhi ba!"

"Sauri yake yi, Malama. Sai na ji abin da ke damunsa na rubuta."

Ta sake karantawa. Ta ɗaga jan biro, ta riƙe shi a sama, ba ta sami inda za ta sauke ba.

"Zai shiga shafi na goma," ta ce. "Amma kada ka sa ran ganin sunanka."

"Mama!" in ji Direba. "Gobe ƙarfe huɗu. Ki zo mana da sakataren nan naki."

"Sai in ya gama maɓallinsa."

Ta rungume littafin a ƙirji, ta zura takalmi ɗaya, ta laluba ɗayan a ƙarƙashin tebur, ta fice tsakar gida tana maimaita layukan nan uku a ƙasan murya.