Jirgina a Kan Gora

Wata tara na yi ina haɗa jirgin nan, a ɗakin ajiya na gidanmu da ke Haɗeja, bayan na taso daga makarantar sakandaren da nake koyar da aikin kafinta. Jirgi ne maras inji, irin wanda ake cillawa sama iska ta riƙe shi, mutum yana ƙasa yana sarrafa shi da rimot. Na kwaikwayi wani farin jirgi na gaske da na gani a waya, na rage girmansa zuwa kashi ɗaya bisa huɗu. Duk da haka, daga wannan bakin fiffike zuwa wancan ya kusa mita huɗu, sai na zare fukafukan kafin ya fita ƙofa.

Ba aikin wasa ba ne. Haƙarƙarin fiffike kaɗai guda sittin da biyu ne, kowanne da hannu na yanka daga siririn katako, na goge da samfefa har yatsuna suka yi santsi. Gangar jikin da farin soson kwalin firji na sassaƙa ta. Ledar da na rufe fukafukan da ita, da dutsen guga na bi ta a hankali har ta ɗame kamar fatar ganga. Wani masunci a Guri ya ba ni dalmar tsohon tarunsa, na riƙa sa ta a hancin jirgin kaɗan-kaɗan, ina ɗora shi a kan yatsu biyu ina duba ko ya daidaita. In hanci ya yi nauyi zai kifa, in jela ta yi nauyi zai ɗaga kai ya faɗo. Kwana huɗu na yi a kan wannan kaɗai.

Abu ɗaya ya rage: 'yan na'urorin nan masu kamar akwatin ashana, waɗanda ke karɓar umarni daga rimot su motsa jela. Ɗaya ta ƙone a gwaji. Ranar Juma'a na hau mota zuwa Kano neman wata, na kwana biyu a wurin wani abokina.

Na dawo ranar Lahadi da hantsi, na tarar an ɓalle kwaɗon ɗakin. Teburi wayam. Babu gangar jiki, babu fukafukai, sai rimot a rataye inda na bar shi.

Inna, mahaifiyarmu, tana tsakar gida tana tsince wake. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yayanka ne ya ɗauka," in ji ta. "Ya ce aro."

"Aro? Inna, ya ɗauka ya kai ina?"

"Gona. Tsuntsaye jan-baki sun sauka."

Yayana, wanda nake bi, manomin shinkafa ne a fadamar da ke wajen Kirikasamma. Tun da na fara aikin nan bai taɓa kiransa jirgi ba, sai dai "tsuntsun Malam". In ya leƙo ya gan ni ina goge katako, sai ya ce ƙaton mutum mai 'ya'ya uku yana wasan yara. Na saba, ban taɓa tanka masa ba.

Babur na hau. Inda hanya ta ƙare na jingine shi, na bi kan jinga da ƙafa, taɓo har idon sawu, ciyawar kacala tana yankar hannuna. Tun daga nesa na hango wani baƙin abu tsaye a tsakiyar shinkafa, ya buɗe fukafukai. Sai da na matso na gane nawa ne.

Yaya ya fasa cikin jirgin, ya zura doguwar gora ta ƙasa, ya kafa ta a gona. Da yake bai san yadda ake ɗaura fukafukan ba, sai ya buga musu ƙusa, irin ta rufin kwano, uku a kowane gefe, ta tsakiyar sandar da ke riƙe fiffike gaba ɗaya. Ya shafe farar ledar da baƙin fentin mai, wai ya yi kama da shirwa. A jela kuma ya rataya gwangwanayen madara da igiya. Ruwan sama na daren Asabar ya shiga ta ramukan ƙusa, fiffiken hagu ya sha ya lanƙwashe.

Abin da ya ƙarasa ni: jan-baki kusan goma suna zaune a jere a kan fiffiken dama, suna hutawa. Sun yi masa kashi.

Yaya yana can gefe yana kaɗa galan da sanda, muryarsa ta dishe da ihu. Da ya gan ni sai ya yi murmushi.

"Malam, ka dawo? Jiya kam ya yi aiki. Wallahi har azahar ba su sauka ba."

"Wa ya ba ka?"

"Kamar yaya wa ya ba ni?"

"Na ce wa ya ba ka izinin fasa mini ɗaki?"

Ya ajiye galan. "Ɗakinka? A gidan ubanmu?"

"Wata tara, Yaya! Ka san abin da ka yi wa ƙusa? Ka san ko sau ɗaya bai taɓa tashi ba?"

"To ga shi ya tashi," ya nuna saman gorar. "Ya ma fi ka tsawo."

Ban san lokacin da na fizge sandar hannunsa na karya ta a gwiwa ba. Tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce masa azzalumi. Na ce duk abin da bai gane ba sai ya raina shi, haka yake tun muna yara. Manoman da ke maƙwabtaka da shi suka daina kora, suka tsaya kallo.

Bai yi ihu ba. Ya tsinko zangarniya ɗaya ya miƙo mini, babu ƙwaya ko ɗaya a jiki, sai ƙaiƙayi.

"Dubi nan. Kwana biyar ina tsaye a cikin ruwa tun asuba. Sun cinye mini kusan rabi. Tuwon da kake ci a gida, kai da iyalinka, daga ina kake zaton yake fitowa? Ni ina neman abin da zan kare abincinmu, kai kana kuka a kan soso."

Gaskiya ya faɗa game da shinkafar, na sani, kuma sanin hakan bai rage mini komai ba, sai ma ƙara mini zafi da ya yi. Da ya kira ni a waya, a yini ɗaya zan yanka masa shirwa uku na kwali, masu kaɗa fiffike in iska ta buso. Wayata tana aljihuna duk kwana biyun. Bai kira ba domin a ganinsa abin bai kai a tambaya ba.

Na shiga ruwan har cinya, na jijjige gorar, na kwantar da ita. Da haƙorin guduma na zare ƙusoshin, kowace tana fitowa da guntun katako. Na ɗauko fukafukan a ka, gangar jikin a hammata. Bai taya ni ba, ni ma ban nema ba.

Labari ya riga ni zuwa gida. Inna ta zaunar da ni a kan tabarma bayan la'asar.

"An ce ka zagi yayanka a gaban mutane."

"Inna, kin ga abin da ya yi kuwa?"

"Na gani. Bai kyauta ba. Gobe ka je ka ba shi haƙuri."

"Ni zan ba shi haƙuri?"

"Kai ne ƙarami."

Na je. Na durƙusa a zaurensa na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai, ya wuce, har ya sa aka kawo mini fura. Game da jirgin bai ce uffan ba, kuma har yau bai ce ba.

Gyara ya ci mini wata biyar. Fiffiken hagu sabo na yi ɗungurungum. Na dama kuwa, na kankare fentin na ɗaure sandar da zare da gam, don haka ya fi ɗan'uwansa nauyi, duk dabarar da na yi ban iya daidaita su sosai ba. Da rani na kai shi wani fili a hanyar Birniwa, na kafa turke, na ja shi da doguwar robar tayar mota da na yanyanka na ƙulla, na saki. Ya tashi. Ya yi shawagi kamar minti huɗu, shiru, babu ƙara sai ɗan fito da iska ke yi a jikinsa. Amma duk tsawon lokacin yana rinjaya dama, babban yatsana yana kan rimot yana tare shi, har hannuna ya ƙage. Ban samu na tsaya na kalle shi kawai ba, yadda na yi ta ƙiyastawa wata da watanni.

Ni da Yaya muna gaisawa, muna cin abinci tare ranar Sallah. Jirgin kuwa na kwashe shi daga gida, yanzu a ɗakin kayan aikin makaranta yake kwana.