Kunnen Bahago

A Agadas, in tsohuwar moto, wato babur, ta fara tari da safe tana ƙin tashi, wajen Bahago ake tura ta. Rumfarsa ta kwano tana bakin hanyar da ta fita zuwa Ingal, ba allo ba suna, sai benci da baƙin mai da ya jiƙe ƙasa. Sunansa na yanka Ilyas, amma tun yana yaro aka ga da hagu yake jifa, shi ke nan sunan ya bi shi har furfura. Ubansa baduku ne a tsohon gari, ya so ya gaje shi, shi kuwa ƙarar inji ta riga ta ɗauke masa hankali.

Ba komai ya iya ba, gaskiya. Walda dai, in ya yi maka ita, sai ka yi ta addu'a. Abin da Allah ya ba shi shi ne karburato, wato inda iska da esansi, man fetur ke nan, suke haɗuwa kafin su shiga inji. Akwai ƴar ƙusa mai zare a gefenta da ake juyawa da turnabis, wato sukundireba. In esansi ya yi yawa, moto ta yi ta baƙin hayaƙi tana shan mai a banza. In iska ta rinjaya, inji ya ɗauki zafi, wata rana ya cije a tsakiyar daji. Bahago yakan bari inji ya ɗumama, ya durƙusa, ya karkata kai yana juyawa a hankali har muryar ta daidaita. Da kunne ya ci abinci duk rayuwarsa, da shi ya aurar da ƴaƴansa.

To, kunnen ne ya fara tafiya. Da farko kukan kaji ya daina ji, sannan kiran salla ya koma kamar daga wani gari. Matarsa Aissa kaɗai ya gaya wa, ya ce ta rufa masa asiri. Tsoro yake ji ƙwarai, don wa zai kawo moto wajen kurma? Sai ya koma aiki da dabara, yana ɗora tafin hannu a kan tanki, yana kallon hayaƙi. A cikin gari hakan yana wucewa, don in moto ta mutu a turo ta a dawo.

Wata safiya Lukumanu ya zo, abokinsa na ƙuruciya mai fataucin gishiri, da tsohuwar motonsa da igiya ta riƙe rabinta.

"Bahago, gobe Tegidda za ni," in ji shi da ƙarfi. "Tsohuwar nan tana harbi in na saki mata wuta. Duba mini ita."

Bahago ya wanke karburato, ya hure yashin da ke ciki, ya mayar, ya tada inji. Ya durƙusa ya karkata kai kamar kullum. Wani gunji kawai yake ji daga nesa, ya juya dama ya juya hagu, duk ɗaya. Ya san hanyar Tegidda. Bayan Ingal fili ne fetal, mutum sai ya yini bai ga inuwa ba, kuma Lukumanu ba yaro ba ne da zai tura moto da lodin gishiri. Zai iya miƙewa ya kaɗe wando ya ce ta yi, ba mai musa masa. Hannunsa ya tsaya a kan turnabis, kunya ta kama shi har wuya.

Ya kashe injin.

"Lukumanu, ba ni jin ta," ya ce. "Kunnena ya tahi. Ka kai ta wani wuri, kada in kashe ka a daji."

Lukumanu ya tattare rigarsa, ya durƙusa kusa da shi, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Wane wurin? Tada ta. Na hi sanin muryatta da ta uwar ɗiyana. Kai ka juya, ni in ji maka."

Haka suka yi, tsofaffi biyu a ƙasa. Bahago yana juyawa kaɗan-kaɗan, idonsa a kan hannun abokinsa. Hannun ya yi ƙasa, inji na shaƙewa, ya koma baya. Hannun ya ɗaga, ya ƙara ɗagawa, sannan ya tsaya cak. Lukumanu ya hau ya zaga gari, da ya dawo Bahago ya kwance buji, wato fulogi, ya duba bakinsa. Ba baƙi ba fari, launin busasshen dabino, yadda ake so.

Bahago ya goge hannu, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Don Allah zancen nan ya tsaya tsakaninmu."

Lukumanu ya yi dariya har da tari.

"Tsakaninmu da wa? Tun bara duk layin nan ihu muke maka, har mai shayi muryatai ta dishe. Ka ga wani ya kai motonshi wani wuri?"

Bahago ya waiga. Mai shayi ya ɗaga masa hannu, mai faci ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ƙwalla ta cika masa ido.

Lukumanu ya buga moto ta tashi. Kafin ya ja, ya juyo ya faɗi wata magana a hankali, fuskarsa ba wasa. Bahago ya ga bakinsa yana motsi, bai ji ko kalma ɗaya ba, ya ce amin.