Farar Funfunar Malama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, tara ga watan Yuli, babban ɗanki ya kira ni ya ce Allah ya karɓi abinsa. Ina ɗakin gwaji a lokacin, hannuna cikin bokitin ƙanƙara, na daɗe ban tuna na cire shi ba.

Malama, ɗalibai suna kiranki Uwar Funfuna a bayan idonki, kuma kin sani, don na taɓa ganin kina danne dariya. Abin da mutane ke gani su toshe hanci, ke shi kike durƙusa wa. Maigidanki ya sha ba mu labarin ranar da kuka fito biki, kika sa ya tsayar da mota saboda wani tarin karan masara da ya ruɓe a gefen hanya. Kika tattare lesinki kika shiga tono. Ya ce ya auri likitar kimiyya, ashe mai tsince-tsince aka ba shi. A wannan tarin kika samo farar funfunar da ta zama aikin rayuwarki.

Ke kika koya mini cewa funfuna tana fitar da wani sinadari, enzayim, mai narkar da zaren kara har ya yi laushi. Burinki shi ne karan da manoma ke ƙonawa ya zama abincin da saniya za ta ci ta ƙoshi. Na wannan farar ya fita daban, don zafi ba ya kashe shi da wuri. Amma raba shi da sauran tarkacen da ke cikin ruwan da funfunar ta tsiro, nan ne aikin. A tace, a zuba gishirin gwaji kaɗan-kaɗan a kan ƙanƙara, a bi da shi ta dogon bututun gilashi yana ɗiga kamar mai rowa. In ya fita tsantsa, layi ɗaya tak yake nunawa a gwajin ƙarshe. Ranar da na kawo miki sakamako ina rawar jiki, kika ɗaga shi a haske kika ce, "'Yata, layi biyu nake gani. Wanne ne namu, wanne ne baƙo?" Na ji haushinki ranar, har na yi kuka a banɗaki. Muka sake daga farko, sai da layin ya zama ɗaya.

Faɗanki ba ya kwana. Kin biya wa ɗalibai da yawa kuɗin kayan gwaji ba tare da sun san daga ina ba, kuma ba ki taɓa sa sunanki gaban na wanda ya yi wahalar a takardar bincike ba.

Ita funfunar nan rai gare ta. In ba a ɗebe ta an sauya mata sabon farantin gwaji mai abincinta a kan kari ba, sai ta mutu, ko wata ta cinye ta, kuma babu inda za a sake samo irinta. Ba ki yarda kowa ya yi wannan ba sai ke, don 'ya'yanki kike kiran farantan. Da jinyarki ta yi tsawo, hankalinmu ya koma asibiti, lokacin sauyawa ya wuce.

Washegarin jana'iza ina zaune cikin mata, zuciyata na kan farantan, kunya ta hana ni tashi. Maigidanki ya aiko a kira ni ƙofar gida. Ya ce, "'Yata, an duba 'ya'yan nata kuwa?" Na ce, "Baba, ai zaman makoki ake." Ya ce, "Mu mun isa zaman. Je ki."

Na tarar koriyar funfuna ta mamaye farantan duka, sai guda ɗaya da ya rage da ɗan fari a bakinsa, bai kai ƙumba ba. Na ɗebe shi na sa a sabon faranti, ba kya nan balle ki ce in rufe bakina kar in hura masa iska. Jiya na buɗe, fari ya shimfiɗu tas. Na juya in gaya miki, na ga kujerarki.

Allah ya jiƙanki, Malama, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki. Duk dabbar da za ta ƙoshi ta dalilin aikin nan, Allah ya kai ladan kabarinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, da 'ya'yanki, da ƙannenki, da ɗalibanki da kika bari da sauran aiki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu cika da imani.