Wurin Kailu Ba Ya Zaɓa Wa Kowa Hanya

Matso nan, ga gefen tabarma, in ba ka labarin Kailu mai facin taya a Filinge, wanda aka daɗe ana yi wa kallon boka alhali ko ciwon kai bai iya tofawa ba.

Da ƙuruciya Kailu ya yi aikin kuku a Yamai, gidan wani Bature malamin lakwal, wato makarantar boko. Can ya ga baƙin maigidansa suna kewaye tebur, ɗaya na ba da labari, sauran kowa ya zama wani mutum a ciki, in an zo wurin haɗari a jefa ɗan ƙashi mai ɗigo-ɗigo ya raba gardama. Da ya komo gida Filinge, ƙasar Kurfai, zamanin mulkin soja, ya komo da wasan a kansa. Ƙashin ne babu, sai ya nemi wuri, farin kuɗin nan na tsofaffi. In bakin wuri ya dubi sama ka yi nasara, in ya kife ka faɗi.

Nan aka fara samun kuskure. Mu dai a wurinmu, namiji ya shimfiɗa tabarma ya watsa wuri, duba yake yi. Mata suka riƙa aiko da tambayar aure da ta ɓatan akuya. Ya yi ta rantsuwa wasa ne, su kuwa suka ce ai babban boka ba ya tallar kansa.

Bayan la'asar ake zama, ƙarƙashin gawon da ke bayan rumfarsa. Ƙasar labarin ta aljanu ce, kuma dokar Kailu ita ce kowa ya shige ta ba uba, ba sana'ar gado. Manzo mahauci ya zaɓi zama mai warkarwa, ya ce ya gaji da wuƙa. Hamani manomi ya zama ɓarawon dawaki, har yana jin daɗin abin fiye da kima. In wani ya tambayi dalilin da aka jefo su ƙasar, Kailu ya ce shi ma bai sani ba, abin da ka aikata shi ne kai. Doka ta biyu kuwa, ba a taɓa wuri sai ka faɗi abin da za ka yi.

Ana nan sai ga wani baƙo, Ibrah, wai ma'aikacin kula da dabbobi. Manzo ya dubi takalminsa ya ga babu alamar ya taɓa taka kashin shanu. Ga shi da son jin sunan kowa da na ubansa. A wancan zamani kuwa, in maza uku suka zauna, ana ɗauka ɗaya kunnen kumandan ne, hafsan da ke riƙe da gari.

Kailu ya tsorata, domin a labarinsa akwai wani sarkin aljanu da ya ture na gabansa da takobi, ya hana taro. Ya ƙago shi ne don wasa ya yi armashi, amma wa zai tsaya yi wa jandarma masu kamen mutane wannan bayani? Matarsa Haske ta ce ya zuba wurin a rijiya. Ya ce in ya daina ranar da baƙo ya zo, ya shaida wa duniya akwai abin ɓoyo. Haka aka ci gaba, kowa na dariya da rabin baki. Ibrah ya karɓi mutum a labarin, amma duk aka tambaye shi sai ya ce abin da ƴan uwa suka yi shi ya yi. Kailu na facin taya da safe yana lissafin wace kalma ya faɗa jiya, wace ce za ta kai shi inda ba a komowa da wuri.

Ran nan ya gaji da zullumi. Ya juya labari har mutumin Ibrah ya zama mai tsaron ƙofar birni, sarkin aljanu ya kira shi ya ce ya faɗi sunayen waɗanda ke taro ƙarƙashin itace. Manzo ya daina tauna goro. Ibrah ya miƙa hannu zai ɗauki wuri, Kailu ya dafe shi.

“A'a, malam Ibrah. Wuri ba shi zaɓa ma kowa hanya. Mi za ka yi?”

“In na yi shiru hwa?”

“Shirun ma kai ka yi shi.”

Ibrah ya ce a gaya wa sarki bai ga kowa ba. Ya watsa wuri, duka suka kife. Hamani ya yi ta ƙifta wa Kailu ido ya sassauta, a ce sarki ya yarda, kada a fusata mutumin. Kailu ma ya so hakan, amma in ya yi maguɗi yau, me ya rage na wasan? Ya ce sarki ya gane ƙarya, an kashe mai tsaron ƙofa. Ibrah ya ce ashe ko ka zaɓi daidai sai ka mutu. Kailu ya ce ana yin haka. Baƙo ya sa takalmi ya tafi.

Haske ta ɗaure wa Kailu riga da bargo a ƙunshi, ta aje bakin ƙofa ko za a zo kama shi. Motar jandarma ta wuce rumfar sau da yawa, ba ta tsaya ba. Kafin damina aka ji an mayar da Ibrah wani gari.

Bayan soja sun sauka, wata ranar kasuwa, sai ga Ibrah da furfura, yana sayar da maganin shanu, takalmin ya ci ƙasa. Ya zauna gefen tabarma ya nemi sabon mutum a labarin. Kailu ya ba shi, bai tambaye shi komi ba. Manzo har ya mutu yana cewa kunne ne da ya ji kunya. Hamani ya ce baƙo ne kawai mai kaɗaici, suka hana shi sakewa da zargi. Kailu yana nan da ransa, ya tsufa, in ka matsa masa sai ya ce shi dai ya ga abin da mutumin ya zaɓa.

Kai da ka ji, da kai ne zaune da shi ranar kasuwar nan, za ka tambaye shi, ko za ka miƙa masa wuri?